Kiranyen Mota Saboda Matsalar Wayar Batir: Bayani ga Jama'ar Ikara, Maƙarfi da Kudan

Ma'anar kiranye

Kiranye shi ne umarnin da kamfanin ƙera motoci kan bayar na a mayar masa da wani rukunin motoci domin gyara, bayan an gano lahanin da ya taso tun daga masana'anta. A Amurka doka ta wajabta wa kamfani yin gyaran kyauta. Wannan batu ya shafi jama'armu, kasancewar da yawa daga cikin motocin da ke bin hanyar Zariya zuwa Kano, ta Tashar Yari, an yi amfani da su a ƙasashen waje kafin a shigo da su, kuma wasu kan iso ba tare da an yi musu gyaran ba.

Misalai

A watan Yulin 2017, kamfanin Honda ya yi kiranyen motocin Accord ƙirar 2013 zuwa 2016, kimanin miliyan 1.15 a Amurka. Lahanin yana cikin wata ƙaramar na'ura da ke haɗe da wayar batir ta ɓangaren da ke da alamar ragi (-), wadda ba a toshe ta sosai ba. Danshi da gishirin da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara kan shiga ciki su haddasa tsatsa, daga nan wuta ta haɗu har gobara ta tashi. Maganin da aka tanadar shi ne sauya na'urar. Haka nan a shekarar 2012, kamfanin BMW ya yi kiranyen motoci kimanin miliyan 1.3 a faɗin duniya, ƙirar 2003 zuwa 2010, saboda murfin wayar batir da ba a ɗaura daidai ba.

Alamomin hatsari

Warin ƙonewar roba, garin tsatsa fari ko kore a kan batir, fitilun da ke dusashewa, ko mota ta riƙa ƙin tashi alhali batir na da ƙarfi.

Abin da ya kamata a yi

1. A kwafi lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, daga ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba.
2. Idan motar daga Amurka take, a shigar da lambar a shafin intanet na hukumar NHTSA, wanda zai nuna kiranyen da ba a yi gyaransa ba.
3. A tuntuɓi wakilin kamfanin da ya ƙera motar kan yadda za a sami kayan gyara na asali.
4. Kada a amince wa mai gyaran waya ya naɗe wayar da leda ko salatif ya ce an gama.
5. Idan an ji warin ƙonewa, a tsaya, a kashe injin, a sauke fasinjoji. A tabbatar akwai tukunyar kashe gobara a cikin mota.

Jami'an sufuri na ƙananan hukumomi su binciki motocin ofis da na ɗaukar marasa lafiya kafin faɗuwar damina, lokacin da danshi ke ƙaruwa, su kuma adana takardun kowane gyara a fayil ɗin motar.