Guzurin ɗalibi: Abin da ke buƙatar firiza da abin da ke zama ba ita

Guzuri shi ne abincin da matafiyi ke ƙullawa saboda hanya, kuma fatake da mahajjatan ƙasa sun san shi tun kafin zuwan mota. A yau, mafi yawan guzurin da ake haɗawa a gidajen 'yan kasuwa da ma'aikata na ɗalibai ne. Daga Magama, garin da ke bakin iyakar Najeriya da Nijar a Ƙaramar Hukumar Jibiya, ɗalibai na fita ta fuska biyu. Wasu na nufar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Kano da Zariya. Wasu kuma na tsallakawa ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi, inda Jami'ar Maryam Abacha ke ɗaukar 'yan Najeriya da dama.

Abin da ya kamata a fara dubawa ba firizar gida ba ce, wutar lantarkin inda ɗalibin zai sauka ce. Abinci na daskarewa yadda ya kamata a digiri 18 ƙasa da sifili. Idan aka ɗauke wuta, firizar da ke cike takan riƙe sanyinta kimanin awa 48 muddin ba a buɗe ta ba, wadda ke rabi kuwa awa 24. Hukumar Lafiya ta Duniya na gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba sanyi ba wuta, domin tsakanin digiri 5 zuwa 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina da Maraɗi ke kaiwa digiri 40, awa biyun ma ta yi yawa.

Ga ɗalibin da ke da firiza mai samun wuta, ko ta haya a shagon masu ƙanƙara, miyar dage-dage da ta agushi da taushe da farfesu duk suna jure daskarewa, haka dafaffen wake da alale da soyayyar kaza. Wata biyu zuwa uku ba su sauya ɗanɗano ba. Dankalin Turawa da dafaffen ƙwai da taliya kuwa lalacewa suke yi idan sun narke, tuwo kuma ya yi ruwa-ruwa. Daskarar da miyar kuka ɓata wuri ne kawai, tunda da garinta a hannu minti goma ya isa a kaɗa sabuwa.

A raba miya gwargwadon ci ɗaya a ƙananan robobi ko leda mai kauri, a bar ɗan sarari a sama saboda ruwa na kumbura idan ya daskare, a rubuta kwanan wata. Ranar tafiya a jera su a kula tare da ƙanƙara, a fita da sassafe. Tsakanin Magama da Katsina ba nisa, amma shingayen binciken da ke kan hanyar na iya ninka lokacin, kuma but ɗin motar haya ba wurin sanyi ba ne.

Sai dai ƙashin bayan guzuri shi ne busasshen abinci, kuma a nan girkin Hausa ya yi wa firiza nisa. Dambun naman da aka soya har ya yi ƙarau yakan yi makonni a gwangwani mai murfi. Kilishi ma haka, in an naɗe shi a takarda, domin leda na sa shi gumi. Ƙuli-ƙuli da garin kwaki da yaji da ɗan man gyaɗa sun raba ɗalibai da yawa da kwana da yunwa a makon jarrabawa. Garin ɗanwake da garin kunu da busasshiyar kuɓewa da daddawa ba sa neman komai sai tukunya da ruwan zafi. Mutanen bakin iyaka suna da ƙarin gata: cuku daga Nijar, da dabino, da albasar Galmi mai jure ajiya. Alkaki da dubulan da cincin na shayin safe ne, ko da yake duk uwa ta san abokan ɗaki ke fara gamawa da su.

Tsakanin daskararre da busasshe akwai soyayyen kayan miya. Ana niƙa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, a dafa har ruwan ya ƙone, sannan a soya sai mai ya taso ya rufe. Yakan yi kwanaki ba firiza, in ana ɗiba da busasshen cokali ana kuma ɗumama shi kullum. Da shi ɗalibi zai yi dafa-duka ko miyar shinkafa cikin ɗan lokaci.

Maƙiyin busasshen guzuri danshi ne, musamman da damina. Gyaɗa da duk abin da aka yi da ita, idan suka yi hunhuna, suna iya ɗaukar gubar da ke illa ga hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Wanda ya yi hunhuna zubarwa ake yi, ba kankarewa ba. Daskararriyar miya kuma a tafasa ta sosai kafin a ci, kuma wadda ta narke ta ɗumama a leda kada a mayar da ita firiza. Dafaffiyar shinkafar da ta kwana a waje ta fi kowanne haɗari, domin ɗumame ba ya kawar da gubar da ke taruwa a cikinta.

Iyayen da 'ya'yansu ke karatu a Maraɗi suna da ƙarin lissafi. An rufe iyakar Jibiya daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. A irin wannan yanayi ba a dogara da aike duk mako a hannun direba. Guzurin mai tsallaka iyaka gara ya zama na zangon karatu guda: busasshe ya fi yawa, daskararre kuma daidai abin da zai cinye a makon farko.