Ba Mutum-mutumi Ne Ya Rufe Kakuri Ba

A 1961 kamfanin General Motors ya girka wata na'ura mai hannu ɗaya a masana'antarsa da ke New Jersey a Amurka. Sunanta Unimate. George Devol ne ya ƙirƙiro ta, Joseph Engelberger ya nema mata kasuwa. Aikinta ɗaya tak: ta ciro ƙarfen da aka zuba a mazubi da zafinsa ta ajiye, aikin da ke toye hannun ma'aikata. Kafin 1970 irinta ta fara walda a jikin motoci, Kawasaki na Japan kuma ya sayi izinin ƙera ta.

Mu a Kakuri ta Kaduna, hannu muke tinƙaho da shi. Masaƙar KTL ta buɗe tun 1957, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya. A 1975 aka buɗe masana'antar Fijo. A kwance kayan motar suke zuwa daga Faransa, mutanen Kakuri da Makera da Nasarawa su ɗaure ta. Wani maƙwabcinmu a can yake walda. In ya ga Fijo 504 a ajiye sai ya tsaya, ya bi gefen ƙofar da ɗan yatsa, ya ce, "Wannan ta hannunmu ta bi." Lokacin tashi daga aiki kuwa, kekuna ba sa barin mutum ya tsallaka titi.

KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Babu mutum-mutumi ko ɗaya da ya karɓe wa masaƙan nan aiki. Rashin wuta ne, da tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri. Fijo kuma motocin Beljiyam suka danne ta. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana tsorata matasa da cewa na'ura za ta cinye musu aiki. Wane aikin? Yau fiye da rabin mutum-mutumin masana'antu da ake girkawa duk shekara a Sin ake girka su, kuma atamfar Sin ɗin ce ta cika Kantin Kwari. Ɗan waldanmu na bakin titi kuwa har yanzu da guntun baƙin gilashi yake kare idonsa, damtsensa duk tabon tartsatsi.

Masu mulki, a fara gyara wuta, don na'urar ba ta motsi a duhu. Sannan a koya wa yaranmu na Kaduna Polytechnic sarrafa ta da gyaran ta.