Ranar Uwa da Turmin Inna a Birnin Konni

Ranar iyaye mata ta iso Konni ne a cikin jakar mushen lakwal. Asalinta Amurka: wata mata, Anna Jarvis, ta shirya taron tunawa da mahaifiyarta a 1908, shugaba Woodrow Wilson kuma ya mai da abin na ƙasa a 1914. Faransa ta kafa tata dokar a 1950, ta tsayar da Lahadin ƙarshe ta watan Mayu, Nijar ta gaji wannan lissafi kamar yadda ta gaji allon lakwal da alli. Jarvis ɗin ma daga baya ta dawo tana yaƙi da ranar, don 'yan kasuwar furanni da kati sun cinye ta.

Sai dai wanda ya zaɓi ƙarshen Mayu bai san Konni ba. Lokacin ne bazara ta kai maƙura, rumbu ya yi ƙasa, magidanci na ɗaga kai yana duban hadari, 'yan kuɗin hannunsa kuwa na iri ne da taki. Ga shi kuma Lahadi ce ranar kasuwar Illela, can tsallaken iyaka, inda hankalin fatake yake.

Tanadin da Bakonne ya sani domin uwa ya girmi wannan kalanda, Sallah ce ma'auninsa. Tun kafin azumi ake shiga adashi. Ɗan cin rani da ya tafi Sakkwato ko Legas, da manomin Galmi da ya sayar da albasa, duk abu ɗaya suke fara cirewa: kuɗin turmin Inna. A kai wa tela da wuri, don wanda ya bari sai goman ƙarshe zai sha alkawari. A haɗa da kallabi, da goro, da sukarin buɗe baki. Ranar idi ɗa ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki, ya durƙusa ya ajiye ƙunshin. Uwar ba za ta kwance shi a gabansa ba, in ɗan fari ne ma ko sunansa ba ta kama, sai dai ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Watan Mayu kuwa matan Nijar sun yi masa tasu rana. Ran 13 ga Mayu 1991 suka yi jerin gwano a Yamai, saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa, suka kuma samu ƙari. Tun daga nan ranar ta zama ta matan Nijar, da zanenta na anko da ake bugawa kowace shekara. Ma'aikaciya a Konni ko Malbaza kan ware kuɗinsa tun albashin Afrilu, wata ta yanki biyu, ɗaya nata, ɗaya ta aika wa tsohuwa ƙauye.