Yadda ake gyaran gashin karen Samoyed

Samoyed wani irin kare ne mai farin gashi cunkus, wanda asalinsa daga yankin Siberiya ne na ƙasar Rasha, inda makiyaya irin su ƙabilar Nenets ke amfani da shi wajen kiwon barewar ƙasashen sanyi da jan kaya a kan ƙanƙara.

A shekarar 1889 ne Ernest Kilburn-Scott ya kai irin wannan kare Ingila, kuma yanzu yana cikin waɗanda suka fi ba masu shagunan gyaran karnuka aiki.

Dalili kuwa shi ne gashinsa hawa biyu ne. Na sama dogo ne mai kaushi, yana tare ruwa da datti da hasken rana. Na ƙasa kuma mai laushi ne kamar auduga, shi ke riƙe ɗumi, shi ne kuma ke zuba da yawa sau ɗaya ko biyu a shekara.

Idan ba a taje wanda ya mutu ba, sai ya cukurkuɗe ya riƙe danshi a kan fata, abin da kan jawo ƙuraje da gyambo.

A shago, ana fara warware ƙulle-ƙullen ne tun kafin wanka, domin ruwa ƙara ɗaure su yake yi. Bayan an wanke karen da sabulun karnuka an ɗauraye shi sosai, sai a busar da shi da na'ura mai hura iska da ƙarfi, wadda ke fitar da mataccen gashin.

Daga nan ake tsaga gashin layi-layi, kamar mai shirin kitso, ana tajewa tun daga tushe. Wannan ne ke cin lokaci, kuma nan ake gane ƙwararre. Sauran aikin, wato yanke farce da rage gashin tafin ƙafa, ba shi da yawa.

Abin da ƙwararru ke gujewa shi ne aski, ko da yake wasu masu karnukan kan nemi a yi shi da zafi ya shigo. Kare dai ta hanyar haki yake rage zafin jikinsa, kuma aski kan bar fatarsa a fili rana ta ƙona ta. Wani lokaci ma gashin kan daɗe bai tsiro ba, ko ya fito a hargitse.

Akan yi askin ne kawai idan gashin ya dunƙule har ba ya tajuwa, ko kuma likitan dabbobi zai yi tiyata.