Gyaran Tufafi ga Masu Amfani da Keken Guragu: Nazari a kan Wando, Kaftani da Hijabi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake gyara tufafin da mutum yake da su domin su dace da zaman keken guragu. Ta nuna cewa matsalar suturar Bahaushe ta sha bamban da ta Turawa, kuma telan unguwa zai iya warware akasarinta muddin ya sauya yadda yake yin awo.

1.0 Gabatarwa

A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar shan-inna ta asali, wadda aka yi wa ganin ƙarshe a Jihar Borno a 2016. Amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan cikinmu, ga kuma waɗanda hatsarin mota ya lahanta wa laka. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta taɓo gine-gine da sufuri da aikin yi. Sutura kuwa, tsakanin mai ita ne da telansa.

A ƙasashen waje an daɗe ana wannan nazari. Helen Cookman ta jagoranci shirin Functional Fashions a Amurka tun shekarun 1950, Izzy Camilleri kuma ta ƙaddamar da jerin tufafi na masu zaman keke a Kanada a 2009. Sai dai tufafin da suka yi aiki a kansu masu kama jiki ne. Namu yalwa ce ta yi musu yawa.

2.0 Wando

Idan mutum ya zauna, bayan wando yakan zame ƙasa, gabansa ya tattare a ciki, ƙafarsa ta ɗage. Gyaran shi ne a ƙara ƙyalle a baya daga ƙarƙashin ƙubaka, a rage gaba, a saki kalmasar ƙafa. A nan wando mai zariya ya fi jins na gwanjo, domin ba shi da aljihun baya ko ƙusoshin ƙarfe. Wannan ba batun ado ba ne. Nauyin mazaunci yana sauka ne a kan ƙasusuwan mazaunai, kuma wanda lakarsa ta taɓu ba lallai ya ji zafin ɗinki mai kauri ba sai fata ta buɗe ta zama gyambo. Saboda haka duk aljihun baya a cire shi, a mayar da shi saman cinya inda hannu zai kai. Mai raunin yatsu kuma a sa masa roba a ƙubaka maimakon zariya.

3.0 Kaftani da hijabi

Keken da ake yawan gani a titunan Kano da Zariya mai ƙafa uku ne, wanda ake tuƙawa da hannu, sarƙarsa tana gaban ƙirji. Faffaɗan hannun riga yana shiga sarƙar, ya kwashi baƙin mai, wani lokaci ya yage. Dole a tsuke hannu daga gwiwa zuwa wuyansa, a sa maɓalli. Bayan kaftani kuwa ana zama ne a kansa, ya cukuikuye, musamman shadda mai sitaci. Gara a yanke bayan daidai inda zama ya fara, a bar gaban ya sauka ya rufe gwiwa, a tsawaita tsagar gefe. Mai kallo daga gaba cikakken kaftani zai gani, kuma a ganina wannan ne zai sa magidanci ya yarda da gyaran. Babbar riga ma haka: a ɗinke ninkin kafaɗa kada ya riƙa zubowa kan taya.

Dogon hijabi ya fi haɗari, domin in gefensa ya naɗe a taya, wuya yake ja. A rage gefuna, a yi masa hannu mai roba, gaba ya tsaya yadda yake. Zani kuma a mayar da shi siket mai buɗewa ta gefe. In za a sa maɗaurin Velcro, kada ɓangarensa mai kaushi ya fuskanci fata.

4.0 Awo

Tela ya saba cewa "tashi tsaye in auna ka", ko ya karɓi tsohuwar riga ya kwaikwaya, alhali ita ma a tsaye aka yanka ta. Awon da ya dace a kan keken ake yin sa: daga ƙugu ta baya zuwa mazauni, daga ƙugu ta kan gwiwa zuwa idon sawu, sannan faɗin kafaɗa yayin da hannuwa suke miƙe a kan matuƙi. Mace kuma a samu mace ta auna ta a gida, a kai wa tela lissafin.