Abin da ya kamata a sani kafin ba da aikin ginin gidan ritaya a Gaya da Ajingi

Ma'aikacin gwamnati kan yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki. Da yawa daga 'yan asalin Gaya da Ajingi da ke aiki ko kasuwanci a birnin Kano burinsu shi ne su koma gida su yi ginin da za su ƙarasa rayuwa a ciki. Sai dai garatuti sau ɗaya ake biya, kuma yakan yi jinkiri. Idan kuɗin ya ƙare gini bai wuce linta ba, da wuya kuɗin fansho na wata-wata ya kai shi ga rufi.

Mallakar fili

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon bayar da shaidar mallakar fili a wuraren da aka ayyana a matsayin birane, ta kuma bar wa ƙananan hukumomi filayen karkara. Don haka shaidar mai unguwa da dagaci tana da muhimmanci, amma ba ta wadatar ba sai an haɗa da takardar hukuma. Idan filin na gado ne, wajibi ne a tabbatar an raba, kowane magaji ya san rabonsa, kafin a sauke bulo ko ɗaya.

Ruwa da yanayin ƙasa

Kogin Hadeja, wanda ke ratsa Wudil ya nufi Ringim, yakan cika ya tumbatsa da damina, kuma ƙauyukan Ajingi da ke kusa da shi sun sha fama da ambaliya. Filin da aka gani a bushe a watan Maris yana iya zama tafki a watan Agusta. Ya fi dacewa a duba fili a tsakiyar damina, a tambayi dattawan wurin inda ruwa ke tsayawa, sannan a ɗaga harsashin gini sama da haka.

Hanyoyin samun kuɗi

Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana iya neman rance daga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, ko ya nemi a mayar masa da abin da ya tara bayan ritaya. A 2022 kuma Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, ta amince mai asusun fansho ya yi amfani da kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa wajen neman lamunin gida. Wannan dama ta masu aiki ce, ba ta shafi wanda ya riga ya yi ritaya ba. Ma'aikatan Jihar Kano kuwa suna ƙarƙashin asusun fansho na jiha ne, mai ƙa'idojinsa daban.

Yarjejeniya da magini

Ko ɗan kwangila aka ba aikin gaba ɗaya, ko jinga aka yi da birkila da kafinta, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, ko da maginin ɗan uwa ne. A fayyace yawan ɗakuna, girman bulo, kaurin rodi, irin kwano, da wanda zai ɗauki ƙari idan siminti ya tashi.

A raba biyan kuɗi mataki-mataki: harsashi, linta, rufi, sai shafe da daɓe. Kada kafin alƙalami ya wuce abin da matakin farko ke buƙata, kuma a riƙe wani kaso har sai rufin ya ga ruwan sama.

Gidan da zai dace da tsufa

Ginin ƙasa ya fi bene sauƙi ga mai shekaru. A sanya banɗaki kusa da ɗakin kwana, a faɗaɗa ƙofofi, a rage matakala, a kuma yi tanadin ruwa da sola tun a lissafin farko. Ɗaki uku da aka rufa aka tare sun fi ɗaki takwas da suka zama kango.