Ribar Daula da Hasarar Garuruwa: Fataucin Amurka daga Nixon zuwa Yau

Wanda duk ya nazarci al'amuran Amurka tun daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zai tarar da cewa shugabanninta sun riƙi kasuwarsu a matsayin makami, kamar yadda sarakunan dā suke riƙon hanyoyin ayari, su buɗe wa wanda suke neman ƙawancensa, su toshe wa abokin gaba. Da wannan dabara aka ta da Japan da Jamus ta Yamma daga kangon yaƙi, aka bar kayansu suna shiga Amurka cikin sauƙi domin kada talauci ya jefa su hannun Tarayyar Sobiyet, kuma a lokacin babu wanda ya ji ciwon wannan kyauta, tunda kusan rabin kayan masana'antun duniya daga Amurka suke fitowa. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, lokacin da kyautar ta yi nauyi, an ɗora ta a kan wasu garuruwa ƙididdigaggu waɗanda ba a shawarce su ba, ba a kuma biya su diyya ba, har daga baya suka juya akalar siyasar wajen ƙasar baki ɗaya.

Alamar farko ta bayyana a 1971, sa'ad da Shugaba Nixon ya yanke igiyar da ta ɗaure dala da zinariya, sannan a 1972 ya kai ziyara Sin domin ya raba ta da Tarayyar Sobiyet. Bayan shekara biyar, ranar Litinin 19 ga Satumba 1977, aka sanar da rufe wata babbar ma'aikatar ƙarfe a Youngstown ta jihar Ohayo, mutum wajen 5,000 suka wayi gari ba su da aikin yi. Mutanen garin suka tara sa hannun jama'a fiye da 100,000, suka cika motocin safa suka nufi Washinton da kokensu, suka komo yadda suka tafi. Har yau suna kiran ranar Baƙar Litinin.

Duk da haka, a 1979 masana'antun ƙasar suna ɗauke da ma'aikata miliyan 19 da rabi, kuma a shekarar 2000 ma adadin bai gaza miliyan 17 ba. Babban rushewa ya biyo bayan ijma'in da manyan jam'iyyun ƙasar biyu suka yi a zamanin Shugaba Clinton, wanda ya zartar da yarjejeniyar ciniki da Kanada da Meziko a 1994, ya kuma sa hannu a 2000 a kan dokar da ta share wa Sin hanyar shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disamba 2001. Hujjarsu ita ce, idan Sin ta yi arziki ta hanyar fatauci, dole mulkinta ya sassauta, ta zama abokiyar zama. Wato dai ƙiyasi suka yi da abin da ya faru a Japan, alhali kuwa illar hukuncin ba ɗaya ba ce, domin Japan ƙasa ce da aka ci da yaƙi tana ƙarƙashin inuwar sojan Amurka, ita kuwa Sin daula ce mai cin gashin kanta da manufarta. Kafin 2010 ma'aikatan masana'antu sun koma ƙasa da miliyan 12.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa injuna masu sarrafa kansu da karayar tattalin arziki ta 2008 suna da nasu kaso, kuma talakan Amurka ya sami tufafi da kayan ɗaki da araha. Amma binciken masanin tattalin arziki David Autor da abokan aikinsa ya ƙiyasta cewa gasar kayan Sin ta cinye ayyuka wajen miliyan 1 a masana'antu tsakanin 1999 da 2011, fiye da miliyan 2 in an haɗa da waɗanda suke ci daga gefensu. Abin da ya fi tayar mini da hankali a binciken shi ne, mutanen garuruwan saƙa da na kujeru a Karolina ta Arewa ba su yi ƙaura zuwa inda aiki yake ba kamar yadda littattafan masana suka yi zato. Sun zauna inda kaburburan iyayensu suke, da yawa suka koma karɓar kuɗin naƙasa. Wanda ya san Kakuri a Kaduna, ko Bompai da Sharaɗa a Kano, bayan atamfar waje ta cika Kantin Kwari, ya san cewa in masaƙa ta mutu, mai tuwon bakin ƙofa da mai gidan haya da tela duk tare ake yi musu ta'aziyya.

Malaman usulu sun halatta a jure cuta keɓantacciya domin maslaha ta gama-gari, amma da sharaɗi: in za a rushe gidan mutum don faɗaɗa masallaci ko hanya, sai an biya shi ƙimarsa. Wannan sharaɗin ne Amurka ta tauye. Ta kafa shirin tallafa wa waɗanda ciniki ya raba da aikinsu a 1962, sai dai abin da aka riƙa warewa bai taɓa kusantar girman ɓarnar ba, ribar kuwa ta taru wurin masu hannun jari da manyan biranen gaɓar teku.

Da zaɓen 2016 ya zo, jihohin Ohayo da Mishigan da Fensilbaniya suka ba Donald Trump ƙuri'unsu, shi kuma a Janairu 2017 ya janye ƙasar daga yarjejeniyar cinikin ƙasashen tekun Fasifik, a 2018 ya ɗora wa kayan Sin kuɗin fito mai nauyi. Shugaba Biden, wanda yana ɗan majalisar dattawa ya goyi bayan dokar 2000, bai sauke wannan haraji ba, a 2024 ma ya kai na motocin lantarkin Sin kashi 100 cikin 100. Gundumar Mahoning, inda Youngstown take, wadda ta daɗe tana bayan jam'iyyar Dimokurat, a 2020 ta zaɓi ɗan Rifablikan a karo na farko tun Nixon a 1972.